Hawan Ƙarshe na Ma'allam Bassu

Ranar Talata, tara ga watan Safar, ana fitowa daga sallar Asuba, Mai rai ya karɓi abinsa. Ma'allam Bassu Ait Hammu, bakaniken da garejinsa ke bayan kasuwar tumaki a Demnat, ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan wata biyu yana fama da ciwon ƙirji. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Hennu, 'yar baffansa, na girme shi da shekara huɗu, kuma har yau ban yafe masa shiga gabana da ya yi ba.

Bassu, na ji masu zaman shan shayi suna cewa an yi rashin mai faci. Mai faci! To bari in rubuta, tun da bakinsu ya fi ƙwaƙwalwarsu sauri.

Lokacin da mijina ya rasu ya bar mana tsohuwar motar haya, ita kaɗai ce ke hawa ƙauyenmu Tizgi. In ta zo Kwanar Jaki, inda hanya ke miƙewa tsaye kamar bango, sai fasinjoji su sauka su tura, har mai ciki da mai zazzaɓi. Kowa ya ce wa ɗana Addi, wanda ya gaji tuƙinta, ya saya mata sabon inji. Da me? Da tuffa buhu goma da akuya uku? Kai ne ka leƙa cikinta ka ce, "Lalla Hennu, injin nan ba tsufa ke damunsa ba, numfashi ne ya yi masa kaɗan. Irin naki in kin hau matakala."

Kwana tara ka yi a kansa. Ka sauke kan injin ka goge hanyoyin iska da magagari har suka yi santsi kamar cikin kofin shayi. Ka yanke salansar da ta toshe ka sa mai faɗi. Ka tafi wajen masu tsofaffin ƙarafa a Marrakesh ka dawo da wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wai turbo, wanda ka ciro daga motar da ta yi hatsari. Abin da ka karɓa duka bai kai kuɗin tunkiya ba, shi ma sai da na yi maka rantsuwa.

Amma inda ka bambanta da sauran shi ne ba ka taɓa saita inji a gareji ba. Kakan ce motar da aka saita a kwari ƙarya take yi, domin iskar kan dutse ba ta da kauri. Sai ka cika mota da kaya, ka hau har Kwanar Jaki, can za ka buɗe bonet cikin sanyi kana murɗa ɗan notin famfon mai kaɗan kaɗan, kana kallon hayaƙi. Kuma wane ne kayan? Ni. Shekara ashirin duk motar da ka gyara sai ka aiko a kira ni. "Zo ki zauna a baya, ke kaɗai kin kai buhun sha'ir huɗu, ga shi ba a biyan kuɗin dakonki." Ni kuma in ce, "Kai da iska za ta ɗauke ka ba don sifanar aljihunka ba?" In ka gama sai ka ɗiga jan farcen matarka Tuda a kan notin, ɗigo ɗaya a kansa ɗaya a jikin famfon, su yi daidai. Kana cewa yaran yanzu in suna son ƙarfi sai su buɗe mai, ba su san mai ba tare da iska ba shaƙewa ce.

Sati guda kafin ka tafi, ka riƙe hannun Tuda ka bar wasiyya ɗaya tak: a kai ka Tizgi kusa da mahaifiyarka, kuma a cikin motar Addi. Ba ka ce gida ba, ba ka ce gareji ba.

Ɗanka Yidir ya iso daga Kazablanka da hantsi, da motar ɗaukar gawa da ya yi haya, fara fat. Yaron kirki ne, amma birni ya sa masa kunya.

"Halti," ya ce mini, wato gwaggo, "me mutane za su ce? Mahaifina a motar da ake ɗaukar awaki?"

"Gyaran motocin awakin nan ne ya kai ka makaranta, ɗan nan. Sa shi a ciki."

Wani dattijo ya ce mace ba ta bin gawa. Na ce masa ni ba rakiya na zo ba, nauyi ce ni, tayar baya ba ta kama tsakuwa in babu ni. Ya matsa gefe. Muka ɗora ka a tsakiya, ni a gefenka, maza shida a kujeru, farar motar tana biye da mu kamar mai jiran mu ji kunya. Liman na Tizgi ya aiko cewa bayan La'asar za a yi salla, an riga an haƙa kabari.

Tun daga gindin dutse na ji muryar motar ba tata ba ce. Da muka shiga Kwanar Jaki sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, allurar zafi ta haye, motar ta yi tari uku ta tsaya. Addi ya ja birki yana gumi. Yidir ya fito daga farar motar da gudu.

"Halti, ya isa haka. Mun gwada. Mu sauya shi kafin lokaci ya ƙure."

Wallahi Bassu, na dubi likkafaninka na ji kamar kana dariya a ciki. Na ce ba mai taɓa makarar nan. Na sauko da sandata na ce wa Addi ya buɗe bonet. Ni ban san inji ba, amma na san jan farcen Tuda. Ɗigon nan biyu sun rabu, ɗaya gabas ɗaya yamma.

"Addi, wa ya taɓa notin nan?"

Ya sunkuyar da kai, mutum mai shekara hamsin da jikoki. "Inna, ni ne, da safe. Na ga nauyi zai yi yawa, na ji tsoron kada ta ba mu kunya a gaban 'yan birni. Na ƙara mata mai kaɗan."

"Kaɗan! Ka ɗura mata kamar mai ɗura wa jariri kunu. Mayar da shi, ko in mayar da kai inda ka fito!"

Sifana ta kuɓuce masa ta faɗi sau biyu. Yidir ne ya tsuguna ya ɗauka. Ya tuɓe rigarsa ta birni ya miƙa wa direban farar motar, ya sa hannu cikin baƙin mai, ya murɗa a hankali har jan ya haɗu da ja. Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Ya ce, "Jan farcen Innata ne wannan," sai hawaye. Muka jira injin ya huce, aka ƙara ruwa a lagireto daga magudanar gefen hanya.

Da Addi ya murɗa makulli ta tashi da ɗan siririn hayaƙi, ta kama tsakuwa, ta haye kwanar a giya ta biyu ba wanda ya sauka. Yidir ya sallami farar motar a nan, ya shigo ya zauna kusa da kanka. Muna shiga Tizgi ladan na ɗaga murya. Maza suka wuce da kai, ni na shiga wajen mata na yi kukan da na riƙe tun safe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tuda, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana wanke riguna masu baƙin mai ba ta taɓa gunaguni ba sai a gabana. Da Yidir da 'yan'uwansa mata, da jikoki, da direbobin dutse waɗanda yanzu za su gane abin da suka rasa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Bassu. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka saka masa da kowace mai naƙuda da kowane maras lafiya da suka isa asibiti ba tare da sun sauka sun tura mota ba. Ranar da za a hau Siraɗi, ka sa ya haye bai tsaya ba. Amin.