Ranar da Datti Ya Yi Sha'awar Biyan Haraji

Malam Datti manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma in aka cire Maharazu daga rayuwarsa, da wuya ya sami abin hira. Unguwa ɗaya aka haife su, gaban malami ɗaya suka yi karatun allo. Da ruwan madatsar Tiga ya iso aka daidaita filaye, gonar su Maharazu ta faɗo a bakin babban kanal, ta su Datti kuwa can wutsiya, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha.

Tun daga nan Datti yake auna kansa da Maharazu. Maharazu ya sayi babur, Datti ya ce ai na hannu ne. Maharazu ya kafa injin casar shinkafa a Kura, ya je Makka ya dawo Alhaji, Datti ya ce ƙarar injin nan sai ta kurmantar da shi. Datti ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Yana riƙe iyalinsa, tumatirinsa ba ya jin kunyar shiga kasuwar Kwanar Gafan. Hassada ce ta zauna masa a ƙirji kamar tsohon tari, kuma ba abin da yake so a duniya illa a ambaci sunansa a sahu ɗaya da na Maharazu.

Shekarar da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wata ɗaliba mai suna Ni'imatullahi ta zo daga jami'a a Kano. Ta ce ita ba ma'aikaciyar haraji ba ce, kuma ba za ta bayyana sunan kowa ba. Za ta tambayi gidaje abin da suke samu ne, ta zuba a kwamfuta, ta gina ƙauye na kwaikwayo. A kansa za ta gwada dokar: in an ɗaga wa na ƙasa ƙafa an ƙara wa na sama, wa zai ji sauƙi, wa zai ji a jikinsa, kuma ko tazarar talaka da mai hali za ta ragu.

Sai dai manomin yankin nan ba ya faɗin yawan buhunan da ya ɗaure. Ko ɗaki ya cika har rufi, ka tambaye shi zai ce, "Sai godiya, an samu na tuwo." Yarinyar ta sha fama da wannan amsa.

Wata la'asar a majalisa Maharazu ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya.

"Wannan doka mu za ta ci," in ji shi. "Ku ƙananan manoma an ce an yafe muku."

Bai kalli kowa ba, amma Datti ya ji kamar sunansa aka kira. Mutane suka shiga lallashi, "Allah ya rufa asiri, Alhaji." Datti ya koma gida yana ta juya maganar. Wai har kukan haraji ma sai Maharazu ya riga shi! Shi gwamnati ta sani, Datti kuwa an yafe masa kamar wani miskini.

Da Ni'imatullahi ta iso gidansa, ya sa babbar riga ya shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ya ninka shinkafarsa, ya tura kwandunan tumatir har Legas, ya ƙirƙiro shanu yana kiwo a wajen Madobi. Matarsa Barira tana bayan ƙofa tana ta tarin da babu mura.

"Baba, duk daga gonar nan ta wutsiya?" ɗalibar ta tambaya a hankali.

"'Yata, ke dai rubuta."

Bayan girbin alkama ta dawo da majigi, ta tara manoma a wani aji na firamare. Ta haska matakala a bango, kowane gida ɗigo guda ba suna. Ta gwada tsohuwar doka, ta gwada sabuwa, suna kallon ɗigogin na ɗan motsawa. Yawancinsu suna ƙasa, sabon harajin bai taɓa su ba. A matakin ƙarshe can sama, inda nauyin ya fi sauka, ɗigo ɗaya ne tak daga ƙauyen. Shi Maharazu, duk da kukan majalisa, amsar kowa ya ba ta, "an samu na tuwo," sai ɗigonsa ya ɓace a tsakiya.

"Ai wannan ba sai an faɗa ba," in ji Fatihu mai shago. "Alhaji Maharazu ne."

Aji ya ɗauka, "Ƙwarai, Alhaji ne." Maharazu ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai amsa ba, bai kuma musa ba.

Datti ya ƙura wa ɗigon ido. Ƙaryar da ya yi da bakinsa, ya jure tarin Barira a kanta, ita ma Maharazu za a ba? Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Gidana ne!"

Ni'imatullahi ta ce, "Baba, ba a buƙatar suna," amma magana ta riga ta fita. Sai Fatihu ya tuntsire da dariya. "Malam Datti, a wutsiyar kanal? Ko ruwan sama ake yi maka kai kaɗai da rani?"

Dariya ta fara yaɗuwa.

Sai Maharazu ya miƙe. Shi ne mutumin da ya san gonar Datti kunya-kunya, ya san yawan buhunan da Datti ya kawo injinsa casa bana. Ya ɗaga hannu.

"Ku daina. Gaskiya ya faɗa. Allah ya yi wa Datti buɗi, ni shaida ne."

Nan take dariya ta mutu, aka koma "Masha Allah." Mutane suka yi ta miƙo wa Datti hannu. Yana karɓa, idonsa na kan Maharazu, wanda ya koma ya zauna bai ko waiwayo ba. Abin da ya nema tun yarinta ya samu, an sa shi a sama gaban kowa, amma da bakin Maharazu, kuma a matsayin sadaka. Da an bar su sun yi dariyar, da ya fi masa sauƙi.