Magajin Iya Hajara

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar Talatar da aka zo tantance matanmu a Bunkure. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku buɗe kunne, don wata rana jan biron soke suna zai zo hannunku.

Lokacin ni ce jami'ar ɓangaren mata a shirin gwamnati na koyar da sana'a ga waɗanda suka daɗe ba su da aikin yi. Ƙa'idar ita ce sai mutum ya shekara biyu a zaune, mai unguwa ya shaida, sannan a ɗauke shi. Mu turara shinkafa muke koyarwa ta sabuwar hanya. Wata uku ana koyo, sai a yaye mace, a ba ta tukunya da murhu ta je ta riƙe kanta. Amma kafin yaye sai an turo mai tantancewa daga Kano, saboda an sha kama masu zuwa da sunan wasu. Duk wadda ta kasa faɗin abin da ke kan takardarta, soke ta ake yi nan take, ba roƙo.

A cikin matan akwai Iya Hajara. Da can bakace da tsintar tsakuwa take yi a wani injin casa a Kura, sai aka kawo na'urar da ke yin aikin, aka sallame su. Shekara bakwai tana zaune, ga miji ya rasu. A ƙasa take biyo bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, kullum, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa makara ba. Wallahi ina son matar nan har raina.

Mai tantancewar, Malam Nasiru, matashi ne. Ya girme ni a muƙami, amma a haife na haife shi. Fuskar nan a ɗaure tamau, kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya tambayi Iya sunanta da unguwarsu, ta faɗa. Sai ya ce, "Wa aka rubuta a matsayin magajinki?"

Ta ce, "Babban yaron ne, ranka ya daɗe."

"Sunansa nake so, Iya."

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Ni na cike mata takardar, maƙwabciyarta ta faɗa mini sunan, ni kuma da shegen saurina na rubuta ɗan farinta. Yo ina Bahaushiya irin Iya za ta kama sunan ɗan fari, a gaban mutane kuma?

Na yi caraf zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. "Hajiya, doka ta hana jami'i ya amsa wa wani." Gaskiyarsa ce, amma ji na yi kamar in shaƙe shi. Ya sake tambaya sau biyu. Ya cire murfin jan biro. Mata suka hau salati ƙasa-ƙasa, wata tana cewa, "Iya, ki faɗa mana, yau ɗaya dai!" Ni kuwa ina kallon Iya. Ga aikin da ta shekara bakwai tana jira, ga kunyar da ta riƙe shekara talatin.

Can sai ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ka san annabin da 'yan uwansa suka jefa a rijiya? To, sunansa ya ci."

Malam Nasiru ya duba takarda. Yusufa ne a rubuce. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya mayar da murfin biron, ya ce a hankali, "Ki yafe ni, Iya. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba." Ya sa hannu a takardar, ya miƙa mata da hannu biyu. Ni kam fita na yi bayan aji na sha kukana.

Iya ta samu tukunyarta, kuma har yau a gurinta nake sayen shinkafa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin da ya daɗe ba aiki ya riga ya rasa abubuwa da yawa kafin ya iso gaban teburinku. Ɗan abin da ya rage masa, kada ku ce sai ya ajiye shi a ƙofa sannan ku taimake shi.