Ranar da Baba Ya Fita Ba Hula

Duk mai zuwa aski a shagon Zailani, nan layinmu a unguwar New Bell ta Duwala, cewa yake mutumin nan akwai natsuwa. Ni dariya nake, don ni ce addarsa, wato yayarsa, na san shi tun yana mutum huɗu a jiki ɗaya.

A shekarar da aka yi ta rufe gari, kasuwa ba ta ci, makaranta yau a buɗe gobe a kulle, Zailani na da shekara sha biyar. Zaman gida ya sa kullum da wanda zai tashi ya zama. Wani mako Bafaranshe ne, ya zura kwat ɗin Baba a zafin nan na Duwala, ka gaishe shi da Hausa ya amsa da faransanci ta hanci. Wani mako ustazu ne, wando a ɗage, har ni yake wa wa'azin ɗankwali. Ya taɓa bin 'yan dako zuwa kasuwar Sandaga, buhun albasa ya kayar da shi a kwata, ya dawo yana zagin buhun da turancin fijin. Inna ta ce a ƙyale shi, neman kansa yake.

Baba kuwa ba ya dariya. Akawu ne, kamfaninsu ya sallami ma'aikata har da shi. Mutumin da ke fita da taye a wuya kowace safiya ya koma zaman ɗaki, ko masallacin Juma'a ya daina zuwa don kunyar tambaya. Gashi ya taru masa, furfura ta fito, ya tura hula ya rufe. Wallahi tausayinsa har hana ni cin abinci yake.

Ana haka Zailani ya ga wani aski a hoton 'yan ƙwallo, sama a baje, gefe a kankare. Ya sa reza a jikin kum ya gwada a kansa, ya fito kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Mun yi dariya har da hawaye. Abin mamaki, wannan karon bai canja ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, yana bayan gida yana ɓata kawunan abokansa, har hannunsa ya faɗa, samari suka fara bin layi.

Da labari ya kai wa Baba, sai ya hau faɗa. Ya ce kaf zuriyarmu babu wanzami, kakanninmu fatake ne, shi kuma bai yi boko don ɗansa ya riƙa share gashin mutane ba. Ya yanke cewa Kawu Husaini, ƙanen Inna mai fataucin goro, zai tafi da shi arewa a jirgin ƙasa ranar Asabar, ya koyi sana'ar gado. Zailani bai yi musu ba, abinci kawai ya daina ci.

Ranar Juma'a da hantsi yana tsakar gida yana naɗe rezarsa a tsumma, sai ga Baba ya fito alwala, hular ta zame ta faɗi. Muka ga kan, muka sunkuyar da namu. Zailani ya ɗauko hular, amma bai miƙa ba.

"Baba, gobe zan tafi. Ka bari in gyara maka sau ɗaya."

Na ɗauka mari zai sha. Sai Baba ya jawo kujerar tsugunno ta Inna ya zauna. Yaron ya warware tsumman, ya ɗauko rezar. Ya rage suma, ya daidaita gemu, ya fitar da layin goshi. Da Baba ya duba madubi, akawun nan na da ya gani, sai dai da furfura. Ya shafa ƙeya, ya ce a ɗauko masa babbar riga.

Inna ta biyo shi da hula har zaure, ya ce ta ajiye. Dattijo guda, ranar Juma'a, ya ratsa New Bell kai a buɗe! Na leƙa ta ƙofa na ji mai shayin bakin layi na tambayarsa wane ne ya yi masa aski haka.

"Ɗana ne, Zailani," in ji Baba. "Gobe ma yana gida, in kana so."