Genzo Obata Ya Sauka Daga Tsani

Bana itacen fuji, mai yaɗo a kan rumfa, na harabar wurin bautar ƙauyen Kurumada bai yi fure ba, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya. Mai kula da shi, Genzo Obata, ɗan shekara saba'in da tara, ya ajiye aiki ranar Litinin. Ya ce laifinsa ne.

Kullum da hantsi yakan iso da tsani a kafaɗa, ya zagaya rumfar da itacen ya lulluɓe, ya taɓa kowane ginshiƙi. Aikin da ya fi wuya na hunturu ne, lokacin aske rassa. Tohon fure kumburarre ne, na ganye siriri. A bar wancan, a rage wannan. A hunturun da ya wuce yanar ido ta rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba, ya hau tsani ya datse masu furen.

Sumie, mai sayar da wainar shinkafa a bakin ƙofa, ita ya fara faɗa wa.

"Na aske shi ƙwal, Sumie."

"To sai me, tsoho? Kai ma kanka ƙwal yake, ba mu kore ka ba."

Ta ce bai yi dariya ba. Ya sunkuya wa itacen, ya daɗe bai ɗago ba.

Mutanen ƙauyen suna tuna shekarar da guguwa ta karya rumfar, ya yi kwana tara yana tallafe rassa da gora, bai rasa ko ɗaya ba. Sumie kuwa ƙaramin fujin tukunya take tunawa, irin da ake kira bonsai. Daga ƙwaya ya shuka shi, ya jira shekara goma sha bakwai kafin ya yi fure. Ranar da aka yi jana'izar mijinta ya ajiye mata shi a ƙofa, ya tafi.

Kai ne mai almakashin da ba a gani, Malam Obata. Masu zuwa ɗaukar hoto a watan Mayu ba su san sunanka ba. Shekara arba'in furanni na zubowa shunayya har kafaɗar mutum, sau ɗaya ka yi kuskure, kuma kai ka fara faɗa. Mun gode.

Yanzu Genzo ya aro tukunyar fujin nan daga wajen Sumie. Kowace safiya yana zaune da tukunyar a ƙarƙashin rumfar, ya ce duk mai so ya zo ya koya masa bambanta toho da ɗan yatsa, tunda yatsun nasa har yanzu suna gani. Wanda ke da ido da ƙafar hawa tsani, ya je.

Za a yi aske na gaba a watan Janairu. Zuwa jiya, Sumie ce kaɗai ta zauna gabansa, ita kuma gwiwarta ba ta hawa tsani.