Shanu huɗu a Waca, ni a Irlanda

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ni ina Faransa ina koyon aikin radiyo. Da karatun ya zo ƙarshe sai aka tura mu, mu biyu, tsibirin Irlanda, mu zagaya shi a mota mu ɗauko muryoyin makiyaya don shirin manoma na gida. Abokin tafiyata Bafillace ne daga wajen Dungas. Malaminmu, wani Bafaranshe mai jin Ingilishi, shi ne mai tuƙi, shi ne tafinta.

Mun shiga tsibirin da kaka, itatuwa suna kakkaɓe ganye. Hanyoyin matsattsu ne, katangar duwatsu dama da hagu. Ruwa kullum, ba mai tsawa irin namu ba, yayyafi ne da ba ya gajiya. Kafin wata ya zagayo, magariba ta dawo inda muka san la'asar, yatsuna kuma suka daina jin maɓallin manyeto, na'urar da muke ɗaukar murya da ita. Ciyawa kuwa ko a jikinta, tana nan kore shar.

Abokina yakan kafa goshi a gilashin mota yana kallon shanu. Da yake uwata Babarbariya ce, ba ya barina in huta.

"Kai Babarbare, dubi garke ba makiyayi. Rufe idonka, kar halin gado ya motsa."

"Ni da kai wa ke zubar da miyau? Goge gilashin mutane."

A wani ƙaramin gari na bakin teku takardar mahaifina ta cim mana. Ta je makaranta a Faransa, aka biyo mu da ita, ta kuskure mu a masauki biyu. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko na ƙauyenmu, kusa da Waca, shi ya rubuta, amma maganar ta Baba ce. Bayan gaisuwa ya ce ciyawa ta ƙare, har karan danga sun ba dabbobi. Nasa shanun ya kai kasuwa tun suna iya tafiya. "Saura naka huɗu. Ba ka bar mini baki a kansu ba. Ka faɗi abin da za a yi, ina saurare."

Shanun nan zuriyar karsanar da kakana na wajen uwa ya ba ni ran sunana ce. A gidanmu dabbar suna ta mai ita ce. Uba yana kiwonta, yana shayar da ita, ba ya sayarwa sai mai ita ya furta. Mai tafiya mai nisa yakan tsaya gaban dattawa biyu ya ce ya wakilta wane. Na san haka sarai. Ranar da zan tashi na durƙusa gaban Baba, maganar tana bakina, sai kunya ta kama ni: yaya ɗan fari zai dubi ubansa ya ce ya ba shi izini? Na ce a raina ai ya sani. Shi ma ya sani, amma ban faɗa ba.

Na dubi hatimin gidan wayar Magariya a kan ambulan. Mako shida ke nan.

A gidan wayar garin, matar da ke aiki ta buɗe wani babban littafi ta bi shi da yatsa, ba ta ga Waca ba. Magariya ta gani. Na rubuta saƙon tangaraho da Faransanci, gajere, a sayar duka. Daga Magariya zuwa ƙauyenmu sai an sami wanda ya zo cin kasuwa, kuma ban san ko akwai sauran mai jakin da zai iya zuwa ba.

Da muka fito abokina bai tsokane ni ba. Ya ce, "Tsohonka yana jin shirin manoma?"

"A ƙofar mai gari, ba ya fashi."

"To ga manyeto a kafaɗarka. Faɗa masa da bakinka mana."

Muka tsaya a gefen hanya, bayan wata katanga, don iska. Na karanta rahotona kamar yadda aka koya mini, ba sauri, ba hawa da sauka. A ƙarshe na ƙara: "Baba, ni ne. Na wakilta ka a kan shanuna, a sayar." Na sake faɗa sau biyu. Na san zaren da na ɗauki muryar a kai zai bi ta Faransa kafin ya kai Yamai, na kuma san dokar aikin: saƙon gida ba ya shiga shiri. Ni kaina na sha sa reza in yanke irinsa daga zaren wasu. Duk da haka muka aika.

Tafiya ba ta tsaya ba, don akwai sauran gonaki a takardar malaminmu. Muka yi arewa, muka bi ta duwatsu inda tumaki ke kwance a tsakiyar hanya, sanyi na ƙaruwa. Wani dattijo ya shiga da mu rumbun ciyawarsa, wanda ya fi masallacin ƙauyenmu girma. Na yi masa tambayoyina bi da bi. Da na zo kan matsalarsu mafi girma, sai ya nuna sama ya yi dogon bayani. Malaminmu ya fassara: ruwa ya yi yawa bana, ciyawa tana ruɓewa.

"Tambaye shi ko zai ba mu ruɓaɓɓiyar," in ji abokina da Hausa.

Ban tambaya ba. Na duba allurar manyeto, tana motsi daidai.

Takarda ta biyu ta same mu a masaukin ƙarshe, da safe, ana loda kaya a mota. Baba ya ce tangaraho ya iso, Allah ya yi albarka. Ya tarar da saniya guda ɗaya kawai a tsaye. Sun kama hanyar kasuwa da ita, ta durƙusa kafin su yi rabi, suka yanka ta a wurin. Muryata kuma sun ji ta a radiyo, ina bayanin shanun Turawa, mutane sun yaba. Bai ambaci wani saƙo ba.

A ƙasan takardar mushen ya rubuta cewa tsoho ya matsa sai an sa wannan: amanar da na bar masa ta lalace a hannunsa, yana roƙo in yafe masa.

Malaminmu ya danna oda. Abokina ya karɓi jakata daga hannuna ya sa a mota, ya buɗe mini ƙofa, na shiga. Tsakaninmu da tashar jirgin ruwa tafiyar wuni ce, kuma har muka isa ban samo kalmar da zan fara amsar da ita ba.