Kwalbar da Yaya Rifkatu ta ɗaga a taga

Shekara huɗu ke nan da kashe yayata Rifkatu. Har yau in na ji hayaniya a ƙofar gida, sai in nemi wurin laɓewa.

Yaya tana aiki ne a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti kusa da Malumfashi. Takan ɗebi mugunyar ciwo ta zuba a kwalabe, kowace da maganinta, bayan kwana biyu ta ɗaga su a haske. In ruwan ya yi garau, magani ya ci. In ya yi dusu-dusu, ƙwayoyin cutar sun fi ƙarfinsa. Iyakar sihirinta ke nan.

Garmar shanu ce ta sari ƙafar maƙwabcinmu, Baba Audu. Wata guda yana haɗiyar kafso na kasuwa, yana barbaɗa shi a ciwon, ƙafa tana ta ruɓewa. Matarsa na tsaye Yaya ta ɗaga kwalbarsa a taga, ta ce, "Inna, maganin nan ya daina ci. Ku kai shi Zariya yau."

Kafin azahar magana ta zaga gari: Rifkatu ta kama kurwar Audu a kwalba.

Mutanen da muke zama benci ɗaya da su a majami'a ne suka fizgo ta daga ɗaki. "Fito, mayya! Zo ki tsallake Audu!" Suka yaga rigarta, suka ja ta a ƙasa har gidansa. Sau uku ta tsallake shi, bakinta na jini. Ta ce, "To, na tsallake. Don Allah ku nemo mota." Wani ya sauke mata ƙotar fartanya a ƙeya. Ina laɓe bayan rumbu, ban fito ba. Ban fito ba! Kwana biyu Baba Audu ya bi ta.

Kwanan baya tsohon malaminmu na kimiyya ya gaya mini Turawa suna gwada na'urar da ke ratsa ruwan kwalbar da wutar lantarki ko haske, ta faɗi amsa cikin awoyi. Na san da Yaya na raye, dariya za ta yi, ta ce, "Ke, ita kuma wa zai sa ta tsallake mutum?"

Ba wanda ya zo ba mu haƙuri. Amma a bara ɗan Baba Audu ya tare ni a hanyar Funtua, matarsa ba lafiya. Kansa a sunkuye ya tambaye ni inda ake yin gwajin nan na kwalba. Na kwatanta masa.