Kujerar da Yaya Ta Raba wa Mutum Goma Sha Bakwai

Idan mota mai kujera goma sha takwas ta ɗauki mutum goma sha bakwai, wa zai biya kujerar da ta rage? Yayata ta shekara goma sha ɗaya tana amsa wannan tambaya ba wanda ya ji, ni kuwa na tona ta a yini ɗaya.

Yaya tana da ɗan ofis a bakin tasha, mai tebur ɗaya da benci biyu da fankar da sai an tura ta da biro take juyawa. Da sayar da tikiti ta fara. Bayan rasuwar mijinta ta koma haɗa wa 'yan kasuwa tafiyar sarin kaya, sau ɗaya a wata. Da wannan ta ciyar da 'ya'ya uku. Ita ke ɗaukar hayar mota, ta raba kuɗin a littafinta da jan biro, ta faɗa wa kowa nasa. Ba a taɓa ce mata "kawo mu gani" ba.

Na lura lissafin nan yana cin mata awa huɗu kowane wata, sai na sayo mata manhajar da ke raba kuɗin tafiyar rukuni. Gurbi biyu gare ta: abin da kowa zai biya tare, da abin da ke kan mutum ɗaya. Minti shida an gama, rasit ya tafi wayar kowa.

"Auta, littafina bai yi mini laifi ba," in ji ta.

"Awa arba'in da takwas a shekara fa, Yaya."

Da na zauna shigar da sunaye, na ga mutum goma sha bakwai a kujera goma sha takwas. Na tambaye ta. Ta ce ta Baba Tela ce, wani dattijo mai ɗinki da gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, dole sai ya miƙe ƙafa a kujerar gefensa. Hayar mota dubu ɗari da tamanin, kujera dubu goma ke nan. Ita kuwa tana rabawa gida goma sha bakwai, kowa ya ɗauki ƙarin ɗari biyar da tamanin da takwas bai sani ba. Shi ma Baban bai sani ba, ya ɗauka kujerar ba ta samun mai shiga ne.

Na sa kujerar a gurbin kowa. Manhajar ta nemi sunan abin, na rubuta gaskiya: kujerar ƙafar Baba Tela. Ban tsaya tunanin cewa layin zai fito a rasit goma sha bakwai ba.

Da hantsi wata mai sayar da takalma daga cikin matafiyan ta faɗo ofis, waya a hannu.

"Anti, ashe ƙafa muke yi wa haya? Ni da ƙafafuna biyu nake matsewa kamar buhu!"

"Zauna mana, 'yar'uwa."

"Ba zan zauna ba, kada a sa mini kuɗin benci. Tun yaushe?"

Ni da bakina da ba ya riƙe lamba na ce tafiya ɗari da talatin da biyu. Matar ta buga a wayarta, ta ɗaga wa kowa: dubu saba'in da bakwai da ɗoriya.

Ana cikin haka Baba Tela ya shigo yana dogara sanda. Jikarsa ta riga ta karanta masa rasit. Ya ajiye dubu ashirin a tebur, ya jera su sosai.

"'Yata, da kin faɗa mini. Ni ban saba cin abin mutane a ɓoye ba."

"Baba, ni na yi, ba kai ba."

"Ƙafar tawa ce," ya ce.

Ya yi wannan tafiyar aka dawo. Wata na gaba bai zo ba. Ribar yadin da yake sarowa ba ta ɗaukar kujera biyu, na lissafa, ba ta kai ba.

Yanzu su goma sha shida ne, ba a sami sabon fasinja ba. Manhajar ta raba: dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Kowa yana biyan ƙarin ɗari shida da sittin da biyu kan abin da yake biya lokacin da Baba yana nan. Mai takalma ta gani, ta ja tsaki, ta biya. Mutum uku sun fara cewa a nuna musu tsohon littafi.

Yaya ta je shagon Baba sau biyu. Ya ba ta ruwa, ya tambayi yara, ya ce gwiwar ce ta matsa. Rabin kantar yadinsa babu komai. Har yau ba ta goge sunansa a jeri ba, kuma ba ta ce mini komai ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na juya lissafin nan ta kowane gefe, ban sami gurbin da kujerar za ta shiga Baba ya dawo da mutuncinsa ba. Don Allah ɗauki takarda ka gwada: mota ɗaya, mutum goma sha bakwai, ƙafa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa, kuma kowa zai ga rasit. Saura kwana tara tafiya ta gaba.